Bwat ɗin motar ƙanwata

Aikina gyaran bwat ne, akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, wanda ake sauya bitis da shi, wato giyar mota. A garaji guda na yi rayuwata, bayan tashar da motocin ƙauye ke lodi a Tawa. Na buɗe bwat iri-iri, amma babu wadda ta gajiyar da ni kamar ta motar ƙanwata.

Motar ta mijinta ce, tsohuwar a-kori-kura fara, da yake kai 'yan kasuwa Tebaram da Kalfu da ƙauyukan da ke tsakani. Da ya rasu ya bar mata yara da wannan mota. Dangi suka ce a sayar. Ta ce a'a, da ita ya ciyar da su, da ita za ta ci gaba. Ita ce autarmu, tun tana ƙarama ba a juya ta.

Sai ta shiga ɗaukar direbobi. Na farko ya yi damina guda, aka jawo mini motar da igiya, bitis na biyu ba ya shiga. Na kwanta a ƙasa na sauke bwat ɗin, na gyara. Direba na biyu bai kai kaka ba. Wanda ya biyo shi kuwa ya dawo da ita tana kuka kamar injin niƙa. Duk wanda bai taɓa sauke bwat a kan ƙirjinsa ba, ba zai gane ba. Ba mu da rami a garajin, sai jak da kututture. Kana kwance a kan buhu, ƙasa da baƙin mai suna zubo maka a ido, nauyin ƙarfen yana jiran ka yi kuskure. A lokacin na riga na fara manyanta, in na tashi sai na dafa taya.

Wata ranar bazara ta zo garajin da kanta, ta same ni na baje kayan cikin bwat ɗin motarta a kan kwali. Ban bari ta gama gaisuwa ba.

Na ce, "Auta, ki sayar da motar nan. Na gaji."

Ta ce, "Sannu, Yaya. Ina kwana?" Ta zauna a kan tsohuwar taya kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Mi ke lalacewa a ciki kullum? Nuna mini."

Ban yi niyya ba, amma rana ta yi zafi, kuma zama ya fi mini sunkuyo. Na ce inji shi dai juyawa ya sani, da sauri ƙwarai, amma in ka haɗa shi kai tsaye da tayu ba zai iya ɗaga mota da lodi ba. Shi ya sa ake sa bwat a tsakani. Na ɗauko faifai biyu masu haƙora, ƙarami da babba, na haɗa bakinsu. Na ba ta ƙaramin na ce ta juya. Ta juya, ta juya, kafin babban ya zagayo sau guda.

Na ce, "Kin gani? Gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Wannan shi ne bitis na fari, na tashi da hawan dutse da rairayi. In mota ta miƙe a hanya, sai a koma kan waɗanda girmansu ya kusa zama ɗaya, a samu gudu."

Ta ce, "To mi ke cinye su?"

Na nuna mata wani zobe na tagulla, ya suɗe har yana sheƙi. Na ce kafin a sauya bitis, sai direba ya taka ambirayaj, wato kuloc, har ƙasa, ya raba inji da bwat. Zoben nan shi ke daidaita gudun ƙarafan biyu kafin su kama juna, kuma yana son a ɗan jira shi. Direba mai gaggawa ba ya jira, tura sandar bitis yake da ƙarfi. Ƙarar nan da ake ji, ƙurrr, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Na tsoma yatsa a man da na tsiyaye, na shafa mata a tafin hannu. Garin tagulla na ƙyalli a ciki.

Ta daɗe tana kallon hannunta. Ta ce, "Ashe abincin ɗiyana ne ke zuba nan."

Daga makon nan ta fara bin motar. Duk ranar kasuwa tana gaba kusa da direba, da lulluɓinta da gorar ruwa, yaran kuma ta bar su wurin matata. Mutanen tasha suka yi ta magana, wasu har gabana. Ba ta iya tuƙi ba, ba ta kuma nemi koya ba, kunne kawai take sawa. In direba ya tura sandar ta yi ƙara, sai ta ce, "Taka har ƙasa, malam." In suka doshi gulbi ta ce ya sauko tun kafin su shiga rairayin, kada ya bari sai mota ta shaƙe. Direba guda ya ajiye mata makulli a tsakiyar kasuwar Kalfu, ya ce shi ba a taɓa yi masa haka ba. Ta wuni a can har aka samo wanda ya maido su gida.

Daga baya ta samu wani dattijo, Buzu, da ya daɗe yana tuƙa manyan motoci ta arewa. Shi bai damu da maganarta ba, ko dai ba ya ji sosai. Hannunsa kuma mai sanyi ne. Shekarun da suka yi tare, ban ga cikin bwat ɗin ba sai in na sauya mai. Amma ita na ga abin da hanya ta yi mata. Ta yi baƙi, ta rame, ƙafafunta suna kumbura. In ta dawo da la'asar sakaliya takan biyo ta gidana ɗaukar yara, ta zauna a bakin ƙofa, a kawo mata fura ta riƙe ƙwaryar ba ta sha ba. Mu biyu mu yi zaune, kowa da tasa gajiyar.

Ƙarshen motar ba laifin kowa ba ne. Da damina, a hanyar Tebaram, ruwa ya tone wani dutse a gangare, cikin motar ya sauka a kansa. Man ya tsiyaye ba su sani ba, suka ci gaba da tafiya har bwat ɗin ta ƙame. Da aka kawo na leƙa, na ga gangar jikin bwat ɗin ta tsage, haƙoran sun yi shuɗi don zafi. Ana iya nemo wata tsohuwar bwat daga Ƙonni, a ɗora. Na san da haka, ita ma ta sani. Ina durƙushe ina lissafin yadda zan sake shiga ƙarƙashi, sai na ji hannunta a kafaɗata.

Ta ce, "Tashi, Yaya. Bar ta hakanan."

Na ce, "Ana iya samo wata."

Ta ce, "Na sani. Ni ce ba ni iyawa kuma."

Wani maƙeri ya sayi motar. Injin ya tafi wurin masu ban-ruwa, ƙafafun baya kuma ya yi amalanken jaki da su. Babban ɗanta a lokacin ya gama makaranta ya fara koyarwa, ita kuma ta kafa teburin kayan miya a ƙofar gida. Dattijon direban ya koma wurin 'ya'yansa a arewa, bai sake tuƙi ba.