Kaset ɗin Baba da kurmar kwamfutata

Kwamfutata ta farko kurma ce, kuma bebiya. Gwanjo na saye ta a Sakkwato, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Aliero, na riƙo ta a cinya har gida kamar jaririya. Manhajar kuɗin da ta zo da ita ba ta daɗe ba cuta ta cinye ta. Abokin aikina, malamin lissafi mutumin Jega, shi ya share ta ya zuba mata wata manhaja ta kyauta. Ya ce mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke haɗuwa su rubuta ta, kowa ya kawo abin da ya iya, ba mai biyan kowa. Na ce ikon Allah, ashe can ma sun san gayya.

Rubutu ya yi, firinta ta yi, komai ya yi, sai sauti. Ko tari ba ta yi, kuma in ka yi mata magana a makirfo ba ta ji. Abokina ya ce kowane ƙarfe da ke cikin kwamfuta sai da ɗan shirin da zai yi masa tafinta da manhaja, direba suke ce masa. To kamfanin da ya ƙera katin sautina ya ƙi faɗa wa kowa yadda abinsa yake aiki, sai masu gayyar sun zauna sun gano da kansu. Na ce yaushe? Ya ce sai sun gano. Amsar malamin lissafi ke nan, ta fi tambayar ban haushi.

Ni kuwa ba don kiɗa nake son sautin ba. Babanmu falken albasa ne, yana kai kaya har Gana. A tafiyarsa ta ƙarshe, wajen lokacin da aka ba mu jihar Kebbi, ya yi magana a kaset ya aiko wa mahaifiyarmu, kamar yadda matafiyan da ba su rubutu suke yi. Ciwo ya kama shi a can, can aka binne shi. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Kaset ɗin nan shi ne abin da ya rage, kuma yana hannun Inna a ƙauyenmu Liba, can ƙasar Maiyama, naɗe cikin tsohon ɗankwali.

Inna ba ta ajiye shi don ado ba, sauraronsa take yi. Zaren kaset ɗin ya siranta, murya ta fara rawa. Na taɓa lallaɓa ta na kai shi wajen masu kaset a kasuwar Jega a kwafa, injinsu ya tauna shi tun a farko, da ƙyar aka zaro aka liƙe da jan farce. Tun daga ranar ta rantse ba ya sake barin ɗakinta. Kowa ya san wata rana zai tsinke inda ba ya liƙuwa. Abokina ya ce in muryar ta shiga kwamfuta sai mu buga ta a faifai nawa muke so. Ga magani a ɗakina, amma ba shi da kunne.

Kullum ina damunsa. Duk ranar da ya je Birnin Kebbi shagon intanet sai na tare shi tun a ƙofar makaranta: sun gano? Ya ce da saura. Har ya fara sauya hanya in ya hango ni.

Wata safiya sai ga shi a kan babur, ko tsayawa bai gama yi ba yake ɗaga wani faifai sama. Sabuwar fitowar manhajar ce, wani ɗan'uwansa ya aiko masa ta tashar Jega. Ya ce ya duba, sunan katina yana cikin waɗanda aka yi wa direba. Wallahi ban san lokacin da na ja shi da gudu zuwa gida ba, alli a hannuna. Muka zuba, muka jira, ni ina zagaya ɗaki kamar mai jiran haihuwa. Da ta gama ta kunna kanta, sai kawai ta yi wani ɗan kiɗa na maraba. Na yi kabbara! Maiɗakina ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa ya faɗi.

Na jawo makirfo na ce, "Assalamu alaikum." Ya danna, ta maimaita mini da muryata. Na ce, "Albasa ta yi tsada." Ta maimaita. Na rungume malamin lissafi har hularsa ta faɗi. Na ce wane ne ya yi wannan aikin in yi masa addu'a? Ya ce wani ne can wata ƙasa, shi ma irin katin gare shi, ya gyara wa kansa ya ba duniya. Na ce ko wane ne, Allah ya shirye shi ya saka masa da alheri.

Asabar muka loda kwamfuta a akori-kura, tare da janaretan aro da doguwar waya, muka nufi Liba. Duk ramin da muka faɗa sai na ƙara rungume ta. Janareta muka kai bayan rumbu don kada ƙararsa ta shiga. Tsohuwar rediyon kaset ta Inna ba ta da wurin sa waya, dole muka jingina makirfo a bakin lasifika. Na kori awaki, na kori masu leƙe. Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah in ya fara magana kowa ya yi shiru. Duk abin da aka ce, na'urar ɗauka take yi."

Ta ce, "Na ji."

Ita ta sa kaset ɗin da hannunta. Abokina ya danna kwamfuta, ni na danna rediyo. Muryar Baba ta fito, da ɗan rawa amma ita ce: "Salamu alaikum, mutanen gida."

"Wa alaikumus salamu," in ji Inna, da ƙarfinta.

Na dafe kai. Baba ya ce, "Kuna lahiya?" Ta ce, "Lahiya lau." Ya ce, "Ina gajiya?" Ta ce, "Babu gajiya." Na ɗora yatsa a baki, na yi ta kaɗa mata hannu. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai, babanka na gaishe ni in yi mishi shiru? Ba a yi ni haka ba."

Wannan ma ya shiga. Raina ya ɓaci, amma na ce a zuciyata ba komai, in ya ƙare mu mayar mu sake, ko da sai na aike ta maƙwabta. Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa lura ba: bayan kowace gaisuwa Baba yana ɗan dakatawa. Mutum ne da bai saba yin gaisuwa ba a amsa ba, ko da rediyo yake magana sai ya bar wurin amsa. Inna kuwa ta san kowane gurbi. Ya tambayi damina, ta gaya masa ta bana. Ya tambayi irin albasa, ta ce an dasa. Ya ce, "Yaron nan shina zuwa makaranta kuwa? Kada a bar shi yawo." Ta ce, "Ya zama malami. Ga shi nan shina harara ta."

Abokina ya toshe baki da hula.

Da Baba ya yi sallama na danna a mayar da zare baya. Rediyo ta yi gurnani, ta yi ƙas, ta tsaya. Na buɗe: zaren ya cukurkuɗe a ciki, ya tsinke wuri-wuri, ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Ba jan farcen da zai liƙa wannan. Inna ta karɓi kaset ɗin ta riƙe a tafin hannu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Na ce wa abokina, "Ta ɗauka?" Ya ce, "Ya kamata." Na ce, "Ba ya kamata na tambaye ka ba!" Sai ya danna.

"Salamu alaikum, mutanen gida."

"Wa alaikumus salamu."

Na daka tsalle har kaina ya bugi azara. Ta ɗauka! Duka ta ɗauka, shi da ita, tiryan-tiryan, kamar suna zaune a tabarma ɗaya. Abokina ya raɗa mini cewa akwai hanyar yanke muryar Inna a bar ta Baba zalla. Na ce ka taɓa, mu ɓata har abada.

Inna ta matso kusa da lasifika ta zauna. Wannan karon ba ta amsa ko ɗaya ba, ta yi shiru har ƙarshe, tana share ido da bakin zane. Na ce, "Inna, yanzu kuma da aka ba ki dama kin yi shiru?"

Ta ce, "Ai waccan ta amsa. Ni saurare nika yi." Sannan ta nuna kwamfutar da haɓa. "Wanga ba ya tsinkewa?"

Na ce, "Ba ya tsinkewa, Inna."

"To sake sa muna."

Na yi ta sakewa har man janareta ya ƙare.