Layin Alli a Ƙarƙashin Mota

Ranar da aka liƙa takardar, ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye bai ɗauke ba. Rufin garejin kamfanin sufurin yana yoyo wuri uku, kwalayen da ake shimfiɗawa a kwanta ƙarƙashin mota duk sun jiƙe sun yi laushi. Kanikawa bakwai suka tsaya a bakin ƙofa, wanda ya fi su karatu yana karanta musu. Kamfani ya ce kasuwa ta ja baya, ya gode wa mutum biyar, ya yi musu fatan alheri. Aka bar biyu, Gajere mai gyaran inji da kuma Mai Alli. Motoci kuwa ba a sallami ko ɗaya ba. Bas talatin da biyu suna nan a jere, tsofaffi, kowace da irin ciwonta.

Mai Alli laƙabi ne, direbobi suka sa masa. Shekararsa ashirin da uku a garejin, aikinsa birki da ƙafafun mota. Bai yi nisa a makaranta ba, rubutu yana ba shi wahala, don haka tun farkon zuwansa ya ƙirƙiri hanyar da zai riƙa gane motar da ya gama dubawa. In ya gwada birki, ya bi notunan ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya shafa tiyon man birki ya ga babu ɗigo, sai ya zaro guntun alli daga bayan kunne ya ja layi a jikin ƙarfen da ke tsakanin ƙafafun baya. Ta ciki yake ja, inda hannu ba ya kaiwa sai mutum ya kwanta rigingine ya shige har ƙugu. Kafin yamma ƙurar hanya ta shafe layin, gobe a ja sabo.

Don kansa ya fara, amma direbobi suka lura. Sannu a hankali ya zama babu wanda zai tada mota da safe bai tsuguna ya leƙa ba. Sauran kanikawan ma suka ɗauka. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, masu kamfanin ba su ma san ana yi ba.

Da, mutum huɗu ke shiga ƙarƙashin motocin, kafin hantsi duk sun fita. Yanzu shi kaɗai ne. Yana zuwa gari bai gama wayewa ba, ya kwanta, ya fito, ya ja kwali zuwa ta gaba. Azahar takan same shi a kan ta goma sha biyar. Abincin da matarsa ke ƙunsa masa a kwano yakan koma gida yadda ya zo, sai ta buɗe ta ce ashe kwanon ma ya samu aiki a kamfani, kullum ya je ya dawo. Bayansa ya fara riƙewa, in zai miƙe sai ya dafa taya. Gajere na can wancan ɓangaren da injuna uku a buɗe, in sun haɗu a bakin famfo ko magana ba sa iya yi, sai dai su girgiza kai.

Manajan da aka kawo don wannan rage-ragen yaro ne a ido, mai farar riga da wayoyi biyu. Sau biyu Mai Alli yana hawa ofishinsa, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada ya ɓata masa kujera da baƙin mai. Ya roƙi a dawo masa da mutum ɗaya, ko da na rabin yini ne. Karo na farko manaja bai ɗago daga waya ba, ya ce lokacin da suke bakwai ai hira suke sha. Karo na biyu ya ɗago, ya ce motar da ta dawo jiya da ƙafafunta me zai hana ta fita yau, a riƙa duba ta da ido kawai. Ya ƙara da cewa wanda ya gaji, ƙofar da biyar suka bi ba a kulle ta ba.

Mai Alli ya ce to, ya sauko, ya koma ƙarƙashin mota ya ci gaba yadda ya saba.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne direbobin. Wanda motarsa ba ta samu layi ba sai ya zauna a kan benci yana jira, fasinja na can tasha suna zagi. Manaja ya sauko ya tambayi abin da suke jira, aka gaya masa. Ya yi dariya, ya ce ashe kamfani guda guntun alli ke juya shi. Ya kira Mai Alli ya ce daga yau ya bi motocin duka ya shafa musu alli, dubawar a yi ta in an samu sarari. Mai Alli ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce wadda ya duba zai shafa, wadda bai duba ba hannunsa ba zai kai ba.

Washegari manaja ya riga kowa zuwa da sabon kwalin alli. Ya bi motocin da kansa, ya ja wa kowace mota layi fari tas, dogo, a jikin ƙarfen da ke saman taya, daidai inda mutum zai kai in ya ɗan sunkuya. Direbobi suka zo suka tsuguna kamar kullum, suka leƙa ciki, babu komai. Suka miƙe suka ga na waje. Wani tsohon direba da ake ce wa Kawu ya shafa layin da yatsa, ya duba yatsan, ya duba farar rigar manaja.

"Yallaɓai, wannan allin a tsaye aka ja shi," in ji Kawu. "Namu a kwance ake ja."

Aka kwashe da dariya, har mai gadi. Suka koma benci suka zauna.

Manaja bai yafe wannan dariyar ba, kuma ba Kawu ya riƙe ba. Da yamma ya aika aka kira Mai Alli. Ya ce gobe kafin ƙarfe takwas yana son ganin layi a ƙarƙashin duk talatin da biyun, a inda direbobi ke nema, in ba haka ba ya ajiye rigar aiki a ofis.

A gida Mai Alli ya gaya wa matarsa suna zaune a ƙofar ɗaki. Hankalinta ya tashi. Ta tuna masa 'yarsu ta fari saura shekara ɗaya ta gama karatun jinya, ƙananan uku na bayanta, shi kuma ba yaro ba ne da za a ɗauka a wani wuri gobe. Ta ce alli dai alli ne, ya shafa na kwana biyu har ƙura ta lafa. Ya ce mata Kawu in ya ga layin nan ba ya sake taka birki don gwaji, haka yake kwasar mutum sittin ya gangara gada. Sai ta miƙe ta ɗauko ɗayar rigar aikinsa ta jiƙa a bokiti. Ya tambaye ta wankin me take yi da yamma haka.

"In mayarwa za ka yi, Malam, ba za ka mayar musu da ita da dauɗa ba. Kada su ce ba ka da mata."

Da safe ya tafi da rigar a ninke cikin leda. Ya kwanta ya fara, bai yi sauri ba, bai kuma yi nawa ba. Ƙarfe takwas ta buga yana da mota shida. A ta biyar ya tarar da noti biyu sun kwance, ya ɗaure su kamar kowace rana, bai kira kowa ya gani ba. Manaja ya sauko, direbobi suka matso. Mai Alli ya fito daga ƙarƙashin ta shida, ya dafa taya ya miƙe. Ya ja kwalin ya shimfiɗa a gindin ta bakwai, ya gyara shi sosai, ya ɗora sifana da guntun alli a kai.

"Ranka ya daɗe, shida na duba, shida na shafa. Ga kwali, ga alli. Sauran ashirin da shida, wanda ya shiga ya gani da idonsa ya ja musu."

Manaja ya tambaye shi ko ya san da wa yake magana kuwa. Mai Alli ya ce ya sani, shi ya sa ya taho da rigar. Ya miƙa masa ledar, ya tube ta jikinsa ya ɗora a kai, ya wanke hannu a famfo, ya yi sallama da mai gadi.

Manaja ya juya kan Gajere ya ce ya ɗauki allin. Gajere yana da 'ya'ya shida, bai yi gardama ba, sai ya ce shi mutumin inji ne, in ya shiga ƙarƙashin mota ma bai san inda ake ja ba. Direbobi suka zauna har azahar. Daga nan aka fara kiran su ofis ɗaya-ɗaya, kuma su ma suna da bakunan ciyarwa. Kafin la'asar motocin sun fita, kowa na tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kawu kaɗai ya ajiye makulli ya ce ciwon kai yake yi, ya yi sati yana ciwon kan.

Watannin farko sun yi wa gidan Mai Alli tsanani. Matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, shi kuma ya riƙa yawo da akwatin kayan aiki yana gyara a bakin titi. Bayan wata huɗu kamfani ya aiko Gajere ya ce ya dawo. Ya ba Gajere ruwa ya sha, ya tambayi mutum nawa za a ba shi. Gajere ya ce shi kaɗai, kamar da. Mai Alli ya ce a gaida manaja.

Yanzu yana da rumfar kwano a bakin babban titi, kusa da masu faci, shi da biyu daga cikin biyar ɗin da aka fara sallama. Birki da ƙafafu kawai suke yi. Yana buɗewa da safe, ya rufe da la'asar.