Satin da ƙanena zai tsaya gaban manyan malamai

Ni aji uku na yi a lakwal na bari. Ƙanena kuwa, autanmu, ya yi ta tafiya har ya zama malamin jami'a a Yamai. Aikinsa koya wa malamai yadda za su karantar ta na'ura, malami yana Yamai, ɗalibi yana Difa ko ma a Alakos bayan raƙuma. Ya sha yi mini bayani, bai zauna mini ba. Abin da na sani muryarsa ce. Da ya ce "Yaya" na gane ko ya ci abinci ko bai ci ba.

Shi ya aiko mana da waya mai hoto. Ran Juma'a bayan la'asar sai in jingina ta jikin turmi, Inna ta gyara kallabi ta zauna, su yi ta hira. Mushe take ce masa don tsokana, yadda yara ke kiran malamin lakwal.

"Mushe, ɗaliban nan naka na nesa, in sun yi gyangyaɗi wa ke tashinsu?"

"Ke ma ɗalibata ce, Inna. Ɗaga kai, goshinki kaɗai nake gani."

Shekarar da Inna ta kwanta, dabino ya nuna a kwari, ba mu ma leƙa lambu ba. Daidai lokacin ake neman wanda zai shugabanci sashensu, su uku ke so. Ya gaya mini ran Alhamis zai tsaya gaban manyan malamai ya faɗi abin da ya yi da abin da zai yi. Shekara da shekaru yana haɗa takardun nan.

Ran Asabar Inna ta bar cin tuwo. Ran Litinin kunu ma cokali biyu. Likitan da ya duba ta ya ja ni zaure ya ce, "In akwai na nesa, ku kira shi."

To, a gidanmu ba a aika wa na nesa labarin ciwo. Da sauƙi ake cewa, kada hankalinsa ya tashi a kan hanya. Haka na ga an yi wa Baba yana fatauci, haka na tashi na sani. Inna ma ta kama hannuna ta ce, "Bar shi ya gama."

Ran Talata ya kira.

"Yaya, ya jikin Inna?"

"Da sauƙi."

"Juya wayar in gan ta."

"Barci take yi. Rizon wayar ma yau ba kyau."

Ya yi shiru. Na san shirun nan, tun yana ƙarami haka yake yi in yana jiran a ƙarasa masa magana. Da na ce taho, da ya kwana a motar Damagaram. Sai na ce, "Je ka yi shirinka, Auta, Allah ya ba da sa'a."

Inna ta rasu Alhamis da hantsi. Na yi ta kiransa, waya a kashe, yana ciki gabansu. Aka kai ta bayan azahar. Da la'asar ya kira, tun kafin sallama na ji dariya a maƙoshinsa.

"Yaya, sun ce ni ne. Miƙa wa Inna."

Gidan cike da mata, ni ce na gaya masa.

Sai Asabar ya iso garinmu Gure. Ya gaisa da maza a ƙofar gida, ya wuce ɗakinta ya zauna a ƙasa. Na kai masa ruwa, na tsuguna.

"Ita ta ce kada in faɗa."

"Na sani," ya ce. "Amma ke na tambaya."

Bai ƙara ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Yana kirana, yana aiko mini da zane da shayi, yarana duk shi ke duba karatunsu. Bara da sanyi na yi tari mai tsanani, ya ji shi sarai a waya. Muka yi maganar akuya, muka yi ta kuran, wutar lantarkin da ake ɗaukewa, muka yi sallama, bai ce mini ya jiki ba. Ina ajiye wayar na ji wayar matar maƙwabcinmu tana ƙara ta bayan katanga. Ina kwance ina jin ta tana cewa, "To, Malam, bari in leƙa in ga yayar taka da idona, sai in kira ka."