Jakar da Na Sa Aka Farke

A duk shekarun da na yi ina sarin jakunkuna ban taɓa ɗaukar abin da ba nawa ba sai rana ɗaya a Shiling, kuma har gobe in na tuna sai kunya ta kama ni tun daga tafin ƙafa.

Daga Kano nake zuwa Guangzhou in sari jakar mata. Masaukina a Huanshi Lu yake, daga nan muke shiga mota mu fita Shiling, garin da ba a san wani aiki ba sai fata da jaka. Masana'antar da nake hulɗa da ita ta wata mata ce, doguwa, mai faɗin kafaɗa, hancinta ya ɗan karkace gefe guda. Laoban nake ce mata, yadda ake ce wa duk mai shago a can, ita kuma ta iya kiran Hajiya rangaɗau. Turancinta ya fi nawa, abin da ya ba ni mamaki da farko, don yawancinsu da kalkuleta muke magana. Ban taɓa tambayar inda ta koya ba, hancin ma ban tambaya ba. Ina ruwana, jaka na zo saya.

Ga yadda ake aiki a can. In ka ga jakar da ta yi maka, sai ka miƙa wa mai yanka. Shi zai farke ɗinkin, ya shimfiɗa kowane ɓangare a kan kwali, ya zana, ya fitar da ma'auni. Jakar da aka yi samfur da ita ba ta komawa jaka. Kuma duk samfur za ka tarar da rubutunsu a ciki da biro, tsawo kaza, zif kaza. Tun tuni laoban ta ce mini duk abin da na gani a kan kantar samfur in ɗauka in kai wa mai yanka, ba sai na jira ta ba.

Wata Juma'a da safe muka fita tare da wani Alhaji ɗan Maraɗi da ke sarin jakar makaranta. Tun a mota yake ja mini kunne cewa shi fa ba zai rasa masallaci saboda zaɓe-zaɓena ba. Muka iso, laoban ba ta nan, an ce ta tafi kasuwar fata. Ina shiga ɗakin samfur idona ya faɗa kan wata jakar tafiya a ƙarshen kanta. Ja ce, ta koɗe, ta sha wuya, amma hannunta ko gezau. Na ja da ƙarfina, na duba gindin, na ce to wannan ita ce jakar mahajjata, a cika ta da dabino da tsaraba ba za ta ce uffan ba. Na zuge zif, na ga shafin ciki cike da rubutunsu, baƙi da shuɗi, sama da ƙasa. Na ce a raina lallai wannan samfur ya sha awo.

Na kai wa mai yanka. Dattijo ne, bai fi sati biyu da fara aiki a wurin ba. Ya buɗe, ya leƙa, ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya girgiza kai yana cewa meyo, meyo, wato babu, ya nuna kujerar laoban alamar a jira ta. Nan fa halina ya motsa. Ni mace ce mai saurin hawa, 'ya'yana ma sun sani. Na ce masa shekara nawa ina zuwa gidan nan kafin shi ya san hanyar, na buga tebur, na haɗa Hausa da Turanci da ɗan abin da na tsinta na yarensu na zuba masa. Alhaji yana bakin ƙofa yana nuna mini agogo. Bawan Allah ya ga ba sarki sai Allah, ya ɗauki reza.

Ina can ina zaɓar zif, wajen awa biyu, na ji shigowarta. Ta gaishe ni da fara'a, ta wuce ɗakin samfur, ta fito ba fara'ar. Ta tambayi ma'aikata da yarensu, wata ta nuna teburin yanka. Na bi ta a baya ina shirin in ba ta labarin sa'ar da na yi. Jakar tana shimfiɗe a kan kwali, ɓangare-ɓangare, hannu gefe, gindi gefe. Shafin ciki babu. Da yake ya tsufa, kuma ba a ɗaukar ma'auni da shi, dattijon ya sa almakashi ya datse shi ya watsa cikin tarkace, an kuma share tarkacen safe an ɗure a buhuna.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da na san yadda zan yi da ita, don ni faɗa ba ya ba ni tsoro. Ta dafa teburin da hannu biyu, ta ce da Turanci, a hankali:

"Hajiya, wannan ba samfur ba ce. Jakar ƙungiyar ƙasa ce. Sunayen 'yan uwana ne a ciki."

Sai a lokacin na ji cewa matar nan da nake ciniki da ita kamar zan cire mata ido ta taɓa yi wa ƙasarta wasan zari-ruga, wannan da ake rungumar ƙwallo mai siffar gwanda a ruga da ita ana kokawa. Washegari Asabar tsofaffin 'yan wasan za su haɗu a wani fili kamar yadda suke yi duk shekara, kowace da jakarta, shi ya sa ta ɗauko ta daga gida ta ajiye a kan kanta. Sunayen duka za a iya sake rubutawa, in ji ta, ban da ɗaya. Mai shi ta rasu.

Na ce wa Alhaji ya tafi da motar. Ya dube ni, ya dubi teburin, ya ce Allah ya kyauta, Hajiya, ya wuce ba tsokana, shi da ba ya barin ta kwana. Na cire mayafi na ɗaure ƙugu da shi, muka zagaya bayan masana'anta inda buhunan suke jere. Ni da ita da dattijon. Muka zazzage na farko a ƙasa.

Wanda bai taɓa tonon tarkacen Shiling ba bai san wahala ba. Guntun fata, guntun roba, zare, soso, ga warin gam yana hawa kai, ga zafin garin nan mai danƙo. Leshi ne a jikina, sabo, gwiwata kuma da ma tana ciwo. Shafin da muke nema ruwan toka ne, rabin abin da ke cikin buhunan ma ruwan toka ne. Na yi ta ba ta haƙuri har ta gaji ta ce in daina. Ta ce a wasansu idan ƙwallo ta suɓuce wa wata ba a tsayawa neman mai laifi, sunkuyawa ake yi a haɗa kafaɗa a ture. Daga nan, muna tono, ta fara ba ni labari, ina jin don kada ta yi kuka ne.

Ta ce lokacin da aka tara su babu wadda ta taɓa riƙe irin ƙwallon. An kwaso su ne daga wasanni daban-daban, wata mai gudu, wata mai jifa, ita kuma daga ƙwallon kwando saboda tsawonta. Filin kansu ba su da shi, sai maza masu tamaula sun gama su shiga. Uwarta ta yi wata uku tana gaya wa maƙwabta cewa gudu 'yarta take yi, don ba ta san yadda za ta bayyana wannan abu ba. Abin da ya fi ba su wuya, in ji ta, shi ne dokar da ta hana jefa ƙwallo gaba. Gaba kake son zuwa, amma sai dai ka miƙa wa na bayanka. Ita da ta saba cilla ƙwallo gaba tun tana yarinya, alƙali ya yi ta busa mata usur har ta tsani ƙararsa.

Fitarsu ta farko waje, ranar da aka raba musu jakunkunan nan, an yi musu dukan kawo wuƙa. Ta faɗa tana dariya, hawaye a idonta. A ɗakin canza kaya bayan wasan ne wata ta ɗauki biro ta ce kowa ta sa hannu a jakar kowa, don in an kore su gobe a san sun taɓa zuwa. Ba a kore su ba. Suka koma, suka yi ta faɗuwa a laka, hanci ya karye, haƙori ya fita, har ranar da suka zama zakarun nahiyarsu. Waɗanda suka biyo bayansu kuma sun kai wasannin da duk duniya ke kallo, suna da fili, suna da likita, ana nuna su a talabijin. Ta ce duk ranar da ta ga yaran nan sun fito da rigar ƙasa sai ta rufe ofis. Wallahi ina durƙushe cikin shara na ji matar nan ta cika mini ido. Ni da nake ganin na iya jure wahala don na kwana a filin jirgi.

Dattijon ne ya fara tsinto guntu, mai sunaye huɗu. Na tsinto na biyu. Wajen la'asar mun haɗa guda biyar a kan kwali, tana jera su tana kiran masu sunan ɗaya bayan ɗaya, wannan tana koyarwa a makaranta, wannan ta yi jikoki. Da ta zo kan na kusurwa, na marigayiyar, sai ta ɗora yatsa a kai.

Ta bayyana mini cewa idan ƙwallo ta fita fili, jefo ta ake yi sama tsakanin layi biyu, sai mata biyu su kama cinyar ɗaya su ɗaga ta sama ta cafe. Ita ake ɗagawa. Marigayiyar ce ke riƙe ta ta baya, inda ba ta gani, shekara da shekaru, ba ta taɓa sakin ta ta faɗo ba. Marigayiyar ba suna kawai ta rubuta ba. Ta rubuta: yi tsalle, ina nan. Almakashi ya bi ta tsakiya. Sunan yana nan, yi tsalle yana nan, sauran babu.

Muka sake bin buhunan kaf. Sai mai gadi ya ce ai mai sayen tarkace ya zo tun kafin mu zagayo ya ɗauki buhu biyu. Aka kira shi a waya, ya ce ya riga ya juye a inda ake niƙawa. Na zauna a ƙasa daɓas, da leshina da komai, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Ita ce ma ta kama hannuna ta tashe ni, kamar ta ɗaga jakar hannu.

Dattijon ya ce shi zai mayar da jakar, ya kuwa mayar, ɗinki a kan tsohon ramin allura, ba ka ce an taɓa ba. Shafin ne na ce ba mai ɗinka shi sai ni. Da hannu na haɗa guntayen, irin ɗinkin da kakata ta koya mini, inda ya ɓata kuma na sa farin ƙyalle tsawon yatsa biyu. Na miƙa mata ban iya kallon idonta ba. Ta ce gobe in shirya, za ta biyo ta Huanshi Lu ta ɗauke ni. Na ce da wane ido? Ta ce ƙarfe tara.

Filin na wata makaranta ne. 'Yan mata suna atisaye a tsakiya, tsofaffin suna gefe a kan benci, su goma sha wani abu, kowace da jar jaka a gabanta, wata da sanda, wata da furfura. Na ga ana ɗaga yarinya sama kamar yadda ta faɗa, na riƙe numfashi har aka sauke ta. Laoban ta buɗe jakarta ta yi musu bayani da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma na ga idanu sun juyo kaina, na ji da ma ƙasa ta tsage. Jakar ta yi ta zagaya hannu zuwa hannu, kowace ta nemi sunanta, ta shafa ɗinkina.

Ta ƙarshe wata gajera ce, kakkaura, wuyanta kamar turmi. Ta daɗe tana kallon farin ƙyallen. Ta laluba aljihu ba ta samu komai ba, sai ta miƙo mini hannu tana kwatanta rubutu. Na ciro biron da nake rubuta oda na ba ta. Ta ɗora jakar a gwiwa, ta yi rubutu a kan ƙyallen a hankali, harafi biyu ko uku, ta mayar wa laoban.

Laoban ta karanta, ta rufe fuska da jakar, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago ta ce mini:

"Su biyu ne ke ɗaga ni, Hajiya. Wannan ce ke riƙe ni ta gaba."

Ban tambayi abin da ta rubuta ba, na sani: ina nan. Gajerar ta miƙo mini birona, na ce ta riƙe. Ta ce sheshe, wato na gode, ta sa a aljihu, ta matsa mini wuri a kan bencin.