Maman Oby Mai Gangar Lantarki

Sunanta Bibiana, amma a Unguwar Gabas kowa Maman Oby yake ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya zo daga kudu bai koma ba. Shekara ashirin da uku ta yi tana buga wa ɗalibai takardu a wani ɗan shago a Samaru. Duk wanda ya taɓa jiran aikinsa a shagon ya san halinta: in kwamfuta ta tsaya tunani, yatsunta ba sa tsayawa, sai su koma kan tebur suna kiɗa.

Tun tana yarinya take son ganga. A coci idonta ba ya kan mai wa'azi, yana kan hannun makaɗi. Ba wanda ya taɓa hana ta, ita ce dai ba ta taɓa tambaya ba.

Tana da shekara hamsin da biyu makaɗin cocinsu, Damilare, ya sami aiki a Legas ya tafi. Sati uku ana waƙa da tafi kawai, gangar lantarkin cocin tana lulluɓe da zane. A Lahadi ta huɗu ta tare fasto a bakin ƙofa, ta roƙi a ba ta aron gangar daga Litinin zuwa Asabar.

"Wa zai buga, Mama?"

"Ni."

Ya dube ta, ya ga ba wasa a fuskarta, ya ce a kira mai keke napep.

Gangar fayafayan roba ne a jikin ƙarfe, da feda biyu na ƙafa. In an buga, sautin yana fita ne ta abin sawa a kunne, na waje ba ya jin komai sai taɓ-taɓ. Ta kafa ta a falo, ta riƙa kunna waƙoƙin da aka naɗa a coci tana bi. Wata guda tana jin kanta gwana, har ranar da wayarta ta mutu tsakiyar waƙa ta ji kiɗanta shi kaɗai. Hannu na gabas, ƙafa na yamma. Ashe duk daɗin da take ji na Damilare ne, kiɗansa da ke cikin waƙar ya rufe mata asiri.

Washegari ta kai kuka wurin Malam Uba, maƙwabcin shagonta, wanda yake gyara wa mutane sautin wa'azi da na biki a kwamfuta.

"Malam, za a iya cire ganga daga cikin waƙa, a bar sauran?"

"Madam, yanzu kam ana yi. Da can sai dai a ce miki gishirin da ya narke a miya ba ya tsamuwa. Kawo filashinki."

Ya saka waƙar a wata manhaja. Bayan 'yan mintoci ta rabu gida huɗu: muryoyi daban, jita daban, piyano daban, ganga daban. Ya kashe layin ganga, ya miƙa mata abin kunne. Bibiana ta saurara, sai ta fashe da dariya. Muryoyin sun fito tsirara, wani wuri kamar ana waƙa cikin randa. Ga mai jita yana latti, ga wata uwa tana tari daf da amshi, abubuwan da ganga ta ɓoye shekara da shekaru. Kuma a tsakiyar waƙar akwai wani fili, babu kowa a ciki, yana jiran ta.

Malam Uba ya yi mata waƙa shida. Ya ce ta fara da mai sanyi, in ta ruɗe ta koma ta ji ta asali sau ɗaya, kada ta wuce haka.

Kullum ta taso daga shago, kafin ta ɗora tukunya, sai ta yi awa guda. In an ɗauke wuta ta bi waƙar a waya tana buga matashin kujera. Hajiya Zubaidatu, mai gidan da take haya, ta gaji da jin taɓ-taɓ ta bango, wata la'asar ta yi sallama ta shigo.

"Maman Oby, wace irin katifa ce wannan da kullum ake kaɗe ta ba ta rabuwa da ƙura?"

Bibiana ta cire abin kunnen ta ɗora mata a kan mayafi, ta buga. Hajiya ta zabura ta dafe ƙirji, ta waiga tana neman inda mutanen suke. Can kuma sai ga kafaɗarta tana motsi.

"Ikon Allah! Ke kaɗai kike cin wannan biki a nan? Ƙara, ƙara!"

Bayan wata biyar ta ce wa fasto ta shirya. Ranar Lahadin ta ɗaura sabuwar atamfa, ta sa takalmi maras tsini saboda feda. Waƙar farko ta tafi daidai. A ta biyu aka zo wurin amshi, mawaƙa suka shiga, ganga shiru. Ashe a gida tarin nan na cikin waƙar ne yake gaya mata lokacin shiga, yau kuwa mai tarin lafiyarta ƙalau. Shugabar mawaƙa, Nonye, ta juyo ta zaro ido. Bibiana ta ankara, ta faɗa cikin waƙar da ƙarfi, matan zumuntar coci suka ɗauki guɗa. Da aka tashi ta ba Nonye labarin tarin, suka yi dariya har Nonye ta zauna a kan dakali.

Tun ranar ita ce mai gangar cocin. Har yanzu waƙa mai sauri tana ba ta wuya, ƙafarta ta hagu takan gaji kafin a kai ƙarshe, ita ma ba ta ɓoyewa. Shagon Samaru na nan, ta dai rage karɓar aikin Asabar saboda gwaji da mawaƙa.

Kwanaki sandar kiɗanta ɗaya ta tsage, ta je wani shagon kayan kiɗa a Sabon Gari. Mai shagon ya ɗauko wasu ƙanana ya ce yara sun fi son irinsu, ya tambayi shekarun ɗan nata.

"Ba ni masu nauyin can," in ji ta.

Ta karɓa, ta juya su a hannu, ta gwada su a kan teburin shagon har mai shagon kusa ya leƙo. Ta zaɓi biyu da suka yi mata, ta sa a jaka kusa da alayyahun da ta sayo, ta fita neman mota.