'Yan Gaba Goma Sha Biyu na Gwaggo Lorna

A garin Fort Adair, can tsakiyar gonakin alkama na Saskatchewan, ba wanda yake yarda cewa kakar hoki, wasan ƙwallo da sanda a kan ƙanƙara, ta ƙarato sai ya ga farar takarda manne a tagar shagon Lorna Bilak. Jarida ta rubuta nata, 'yan rediyo su yi ta ɓaɓatu, duk a banza. Sai ka ji mutane suna cewa, "Bari dai mu ga ta Gwaggo."

Washi ne sana'arta. Takalman nan da ake zamiya da su a kan ƙanƙara, masu wuƙar ƙarfe a tafinsu, su take gyara wa kaifi a ɗan shagonta da ke jikin filin wasa. Ta gaji injin daga mahaifinta tana da shekara talatin da huɗu, yanzu ta haura sittin. Gajera ce kakkaura, tabarau a rataye a wuya, yatsu kullum baƙi ƙirin da garin ƙarfe. Ba ta taɓa aure ba, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili ba ya sake tambaya. 'Yan wasan kulob ɗin garin, wato 'Yan Rumbu, waɗanda hoki ne abincinsu, ba mai ba wani takalminsa in ba ita ba. Daga kyaftin har sabon shiga, Gwaggo suke ce mata.

Takardar ba komai ba ce illa sunaye goma sha biyu. 'Yan gaba uku-uku suke fita, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe, in sun gaji wasu ukun su canje su, har layi huɗu. Kowace Satumba mutum ashirin ko fiye suke zuwa atisayen gwaji suna neman waɗannan gurabe. Kwana uku kafin koci ya yanke hukunci, Lorna takan ɗauki fensir ta rubuta nata hasashen: wa zai shiga, a wane layi, kusa da wa.

Wasu suna cewa aljanu gare ta. Ba ta da ko ɗaya. Wuƙar takalmi baki biyu ne da ita, na ciki da na waje, kuma kowa da yadda yake cin nasa. Matsoracin da yake taka birki tun kafin a zo karo, wuƙarsa tana faɗa. Wanda ya yi hutun bazara a kan kujera yana tara teɓa, ita ma tasa tana faɗa. Mutum ya yi wa koci ƙarya, ya yi wa matarsa, amma da zarar Lorna ta shafa babban yatsa a ƙarfen, magana ta ƙare. Abin da take alfahari da shi ke nan, kuma ni ban ga laifinta ba: shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa rubuta suna don son rai ba.

Mai taya ta hira shi ne Merv Friesen, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya ya rasa wanda zai dama. Kullum da hantsi yana nan bisa benci da kofi a hannu.

"Bokanya, bana wa za ki kashe?"

"Kai zan fara kashewa in ba ka ɗauke ƙafarka daga kan wayar injina ba."

"To ki ɗan tsegunta min layin farko mana, ba wanda zan gaya wa."

"Kai? Ai gara in je gidan rediyo in faɗa da kaina, ya fi sirri."

A cikin 'yan wasan akwai Wade Lavallee, ɗan gefen dama, shekararsa talatin da huɗu, ɗan asalin garin. Takalminsa na farko ta hannunta ya bi. Ba wani gwani ba ne na a zo a gani, amma duk inda ake turmutsitsi a lungun fili can za ka same shi, haƙoransa na gaba ma duk a kan ƙanƙara ya bar su. Ya buga wa 'Yan Rumbu wasa ɗari huɗu da casa'in da ɗaya. Al'adar kulob ɗin kuwa, duk wanda ya cika ɗari biyar, sai a rataya tuta mai sunansa a rufin filin. Mutum huɗu kaɗai suka taɓa samu. Saura masa tara.

A ƙarshen Agusta Wade ya kawo takalmansa. Lorna ta shafa na hagu, ta ji ya cinye sarai. Ta shafa bakin ciki na dama, sai ga shi da kaifi kamar jiya ta gama shi. Ta wasa su ta miƙa masa. Mako ya zagayo, ya sake kawowa, haka. A na uku ta tura Merv ya sayo mata madara, ta rufe ƙofa.

"Wade, tun yaushe gwiwar nan?"

"Wace gwiwa, Gwaggo?"

"Kada ka raina min hankali. Ƙafar dama ba ka dogara a kanta in za ka juya. Hagu kake ɗora wa komai, har ta fara kuka ita ma."

Ya tsaya yana murza hula. Can ya ce tun watan Maris ne. Ya ce likitan kulob ya duba shi, ya murɗa ƙafar, shi kuma ya cije ya yi masa dariya, aka ce lafiyarsa ƙalau.

"Dariya da wane haƙorin?" in ji ta. Amma ba wanda ya yi dariya a cikinsu.

"Tara ne kawai, Gwaggo. Wata ɗaya. Daga nan in je a yanka ta, a yi duk abin da za a yi. Amma in kika cire sunana, kowa ya san me ya sa. Koci zai aika ni asibiti a ɗauki hoton gwiwar, shi ke nan tawa ta ƙare."

"In ta karye fa?"

"Tawa ce ai."

"Takardar da zan rubuta kuma tawa ce."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa ban taɓa roƙon ki ba sai yau."

Abin da ya ƙara dagula mata lissafi shi ne sabon koci. Brandt sunansa, baƙo ne, watansa biyu a garin. Wata rana ya leƙo shagon da kansa, ya ce an gaya masa a nan ake zaɓen 'yan wasa, shi dai albashi yake karɓa.

"Ni washi nake yi, ranka ya daɗe."

"Na ji. Amma ni kwana goma kawai nake da su in kalli mutum ashirin. Ke kuwa kin san ƙafafunsu tun suna rarrafe. In kin manna takardar zan zo in karanta."

Ta so ta ce bana ba za ta manna ba. Amma ta san garinsu. Ranar da aka wayi gari tagar nan babu takarda, kafin a gama kofin safe an zauna an ƙirga wanda take karewa, kuma suna ɗaya ne zai fito a bakin kowa. Shirunta ma tona asiri ne.

Ranar Alhamis da rana ta zauna da fensir. Sunaye goma sha ɗaya ba su ɗauke ta minti biyar ba. Saura gefen dama na layi na huɗu. Mutum biyu ne a kai: Wade, da wani saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, Colby Reimer, wanda ya tuƙo mota kwana biyu daga gabas don wannan gwajin. Wuƙaƙen Colby daidai suke cinyewa, hagu da dama, ciki da waje, abin sha'awa. Ta san wanda ya cancanta. Ba ta yaudari kanta da cewa ba ta sani ba, wannan kam a ba ta. Ta daɗe tana kallon takardar, har kofinta ya huce, sannan ta rubuta Lavallee. Tausayi ne ya kayar da ita, ba komai ba.

Washegari ta manna takardar, tana bakin inji sai ga Brandt a waje. Ya bi sunayen da yatsa tun daga sama. Da ya zo na ƙarshe ya tsaya, ya ɗago kai ya dube ta ta cikin gilashi, ya ɗaga gira, alamar, kin tabbata? Lorna ta gyaɗa masa kai. Shi ma ya gyaɗa, ya tafi.

Ranar Litinin kulob ya fitar da sunaye. Merv ya shigo yana haki da kwalin donat a hannu.

"Sha biyu cif! Har layukan ba ki kuskure ko ɗaya ba! Shekara ashirin da bakwai kina cin goma, sha ɗaya, sai bana. Ke Lorna, anya ba ke kike rubuta wa kocin nan ba?"

"Ɗauke min kwalin nan daga kan teburi."

"Ikon Allah. Mutum ya ci jarrabawa yana fushi?"

"Merv, fita."

Ya fita, amma bai bar donat ɗin ba. Da azahar Colby Reimer ya zo karɓar takalmansa, ya yi mata godiya, ya ce bai taɓa samun washi mai kyau irin nata ba. Ta rasa inda za ta sa idonta. Ta tsaya a ƙofa har motarsa ta ɓace a hanyar gabas.

Aka fara kakar wasa. Ta yi iya abin da mai washi zai iya: ta rage wa takalmin dama cizo don kada ya riƙe ƙanƙara da ƙarfi in ya juya. Duk wasan gida tana tsaye a wurinta kusa da bencin 'yan wasa. Jama'a suna bin ƙwallo da ido, ita gwiwa ɗaya take kallo. A rumfar 'yan kallo wasu sun ɗauko allo suna rage lamba bayan kowane wasa: saura takwas, saura bakwai, saura shida. Wade har ci ɗaya ya yi a wasa na huɗu, filin ya kusa tsagewa da ihu. Ranar ta ɗan ji sanyi a ranta, ta ce wataƙila Allah zai rufa musu asiri.

Wasa na bakwai ranar Lahadi ne da la'asar. Ba wanda ya taɓa Wade. Ya zo juyawa a bayan raga, dole ta sa ya dogara a dama, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasawa. Filin ya yi tsit, har ana jin nishinsa daga sama. Aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, yana rufe da fuska da safar hannunsa. Wasa ɗari huɗu da casa'in da takwas.

An yi masa aiki sau biyu a birni. Labarin da ya iso gari shi ne hoki kam ya ƙare, kuma tafiya ma da ɗingishi zai yi ta. An ce likita ya yi faɗa, ya ce da an kawo ƙafar tun Satumba da ƙaramin gyara ne. Lorna ba ta je asibiti ba. Sau biyu tana dafa masa ferogi, curin ƙullu mai dankali a ciki, ta zuba a kwano, ta kai bakin mota, ta dawo da shi. Merv ya lura ta daina zaginsa, abin ya dame shi ƙwarai, har ya tambaye ta ko ba ta da lafiya.

Cikin Disamba, wata safiya da dusar ƙanƙara ta rufe gari, ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanduna a bakin ƙofa. Wade ne, ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"Gwaggo, an ce kin daina gaisuwa."

Ta kashe inji. Da ƙyar ta ce, "Ni na sa ka a ciki, Wade. Na sani, na rubuta. Na cuce ka, na cuci yaron can."

"Haba, ke ma dai. Kin ɗauka ke wata ce?" Ya yi dariya da wawulonsa. "Ai na tambayi koci da ya zo duba ni. Ya ce shi bai ma taɓa karanta takardarki ba. Ya ce wa yake da lokacin takardar tsohuwa? Da kansa ya zaɓe ni, tun ranar farko."

"Haka ya ce?"

"Wallahi. Don haka ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne."

Yana maganar yana kallon bango. Lorna ta dube shi, ta tuna yatsan Brandt a kan gilashi da kan da ta gyaɗa masa. Ta gane cewa mutumin nan ya taso cikin sanyin nan, da sanduna biyu da ƙafar da ba za ta ƙara miƙewa ba, don kawai ya yi mata ƙarya ta samu barci. Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta ji kuka ya taso mata, ta haɗiye shi, don ta ga in ta ƙaryata shi ta ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana iya yi mata.

"To," ta ce. "Tunda bai karanta ba, ai shi ke nan."

Ta jawo masa kujera, ta turo wani akwati, ta durƙusa ta kama ƙafar da hannu biyu ta ɗora a kai a hankali.

"A nan ya yi, ko in ƙara ɗagawa?"