Injin da Ya Cinye Kunnen Malam

Shin Malam ya ji ni kuwa? Har yau ban sani ba. Warin gas daga injin niƙan maƙwabtanmu a Mandawari ne ya tayar mini da wannan ciwo.

Malam mijina ƙaramin kan jirgin ƙasa yake tuƙawa, mai jera taragu a cikin tasha. Maƙeran jirgin sun dasa injin dab da mazaunin direba, ko tausayi babu. Ƙarar ta cinye masa kunne, ko a gida ita yake ji.

Da jikinsa ya tsananta, na durƙusa ina kuka, na yi ta cewa, "Malam, ka yafe mini." Allah ya gafarta masa, Allah ya sa ya ji.

Ya dube ni ya ce, "Hajiya, bari in kashe injin tukuna."